Ranar da na yi wa kakata bayani don mahaifiyata ta ji

Shekarun baya ne wannan, lokacin ina shekara ta biyu a fak, wato jami'a, ɓangaren biyoloji, nan Maraɗi. Ƴan fadarmu sun san labarin gutsi-gutsi wajen shan shayi, amma ban taɓa zama na rubuta shi daga farko ba. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ana yaye ni aka kai ni Jiratawa wajen kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, a can na girma sai da zan shiga kwaleji na dawo Sabon Gari. In an kwashe tuwo sai ka ji ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan ya zo ya ɗauki kwanonshi," alhali wancan ɗin yana zaune kusa da ita har yana jin zafin murhu. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙi ba, don tsokar da ta fi girma kullum a kwanona take. Mahaifinmu ya rasu ina lise, wato babbar sakandare, muka ci gaba da zamanmu a haka.

A shekarar nan mushe, malamin da ke ba mu biyoshimi, ya jera sunayen sinadaran jiki a tablo, ya ce kowa ya zaɓi wanda zai yi eksfoze a kai, wato ya yi bayaninsa a gaban aji. Ni sarkin wayo na hango wani ɗan guntu, PTEN, na ce wannan nawa ne, shap-shap zan gama in koma kallon bal. Ashe sunan ne kawai gajere. Da na fara karantawa sai da kaina ya ɗauki zafi.

Bari in gaya muku abin da na gane, yadda na gane shi. Jikinmu duka ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace da ƴar fatarta da ta lulluɓe ta, fatar kuma da maiƙo aka yi ta. In jiki yana son wata ƙwaya ta girma ta rabu biyu, misali don rauni ya warke, sai ya aiko mata saƙo. Saƙon na zuwa, wani sinadari da ake ce wa anzim sai ya liƙa wa maiƙon nan wata ƴar alama da ake kira fosfat. Muddin alamar na nan, ƙwayar jin take ana ce mata ki girma, ki rabu, kar ki mutu. PTEN shi ne wanda ke biyo baya ya cire alamar, sai komai ya lafa. Aikinsa ke nan, cirewa. In ya lalace ko ya ɓace, alamar sai ta zauna, ƙwayar ta yi ta rabuwa babu mai ce mata ya isa. A cikin ciwon daji iri-iri ana iske shi ya lalace, har da na nono.

Na haddace wannan tsaf, ina ta yi wa kamarad ƴan ajinmu burga da shi a anfi, zauren da muke ɗaukar darasi. A wajena abin takarda ne da bik.

A cikin kwanakin ne na lura mahaifiyata ta daina ɗaga bokiti da hannun dama. Ɗakinta kuma ya fara wani ƙamshin saiwa mai ɗaci. Sai yawan fita, ta hau kabu-kabu, mashin ɗin haya, da sassafe, a ce ta tafi Tibiri gaisuwa. Na ce a raina, mutanen Tibirin nan duk a bana suke ta haihuwa da rasuwa?

Wata safiya na tare ƙanwata a zaure tana shirin tafiya lakkwal, wato makaranta. Na ce ta gaya mini gaskiya. Ta yi ta murza bakin hijabinta, can ta ce, "Yaya, ƙullutu ne a nononta. Tun kahin azumi. Wani mai magani take zuwa wurinshi, yana ba ta na shafawa. Ta ce in na hwaɗa ma wani ba ni ba ita."

"Yana yi mata ciwo?"

"Ba ya ciwo. Girma dai yake."

Da ta ce yana ciwo ma da na ɗan samu abin riƙewa. Duk zanen da na yi ta yi a kaye, littafin rubutuna, ya dawo mini, amma yanzu a jikin matar da ke kwasa mini tuwo.

Washegari na gwada. Tana tsakar gida tana tsintar wake, ƙanwata na gefe. Na durƙusa nesa kaɗan, na kalli ƙasa, na ce wa ƙanwata, "Ki ce ma Mama ina son in raka ta likita."

Hannunta bai tsaya da tsintar ba. Ta ce, "Tambayi wancan, wa ya ce mishi ba ni da lahiya?"

Kalmar da ya kamata in faɗa ba mai faɗuwa ba ce. Namiji, ɗan fari, ya dubi uwarsa ya ambaci nononta? Na buɗe baki na ce "ƙirji", shi ma da ƙyar ya fito. Mahaifiyata ta tattara faifanta ta shige ɗaki ta saki labule. Ranar ƙanwata ta sha faɗa har ta ƙi cin abinci.

A satin na yi eksfoze ɗin. Na haska hoton ƙwayoyin nan a bango, sun cunkushe suna hawa kan juna, na zo daidai inda zan ce babu mai tsayar da su, sai muryata ta ɗauke. Na tsaya kamar gunki. Mushe ya ɗauka ban yi shiri ba, ya ba ni not, makin da ko a fada ban faɗa ba. Na fito daga anfi ban bi ta gida ba, na tare kabu-kabu na ce Jiratawa.

Na iske kakata a lambu, ta baje zane a inuwa tana tsige zogale. Tana hango ni ta fara.

"Wa nike gani kamar mijina? Ka zo da goro, ko dai wanga dogon wuya kaɗai ka kawo mini?"

"Tsohuwa, ai tun bara na sake ki, ke ce kika ƙi fita."

"Sakin wanda ba ya da ko kaza. Zamna, ka rame. Bokon ne ke cin ka ko wata ƴar birni?"

Na zauna. Na ja reshe ɗaya na fara tsigewa don in samu inda zan sa ido. Da kakata babu abin da ba na faɗa, ita ta yi mini wanka, ita ta san duk wani tabo da ke jikina. Na gaya mata abin da ƙanwata ta ce, da kalmar da komai.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Na sani. Ni na aike ta Tibiri."

Na ɗago na dube ta.

"Kar ka zare mini ido. Autata ce, ka hi ni son ta ne? Yayata wanga ciwo ya kama, da idona na gani. Munka kai ta likita, sunka sa mata wuƙa, ba ta ga damina ba. Daji ba ya son ƙarhe. In ka taɓa shi da allura ko wuƙa husata yake, ya watsu."

Na ce, "Lokacin da kuka kai ta, yaya wurin yake?"

Ta ce, "Ya hwashe. Sai an turara ɗaki kahin a shiga."

"To Kaka, wuƙar ta iske shi ya riga ya gama tafiyarsa."

"Kana nan?"

Ba na nan, gaskiyarta. Ko mahaifiyata a lokacin yarinya ce. Sai na rikice na fara zuba mata abin da na haddace, selil, manbaran, fosfat, har da ɗaga yatsa kamar ina gaban mushe. Ta bar ni na yi nisa sannan ta ce, "In za ka yi mini Hausa ka yi, in ba za ka yi ba ga zogale can ka tsinko."

Na kau da kai ina jin haushin kaina. Ranar zagayen ruwan ɓangarensu ne, kanal ya cika. Mai lambun da ke gefenta yana ban ruwa, ina kallonsa ba da niyya ba. Ya sa hauya ya buɗe bakin fangali, ruwa ya shiga, ya cika, ya jawo laka ya datse, ya wuce na gaba. Aikin da na yi da hannuna ina yaro har na gaji da shi.

Na ce, "Kaka, in mutumin can ya buɗe fangali ya tafi bai datse ba fa?"

"Shukar ta ruɓe mana. Ruwan ya ci kunya ya shiga na maƙwabci."

"To haka jiki yake. A cikin naman mutum akwai mai buɗewa in ana son wuri ya girma, akwai mai datsewa in ya isa. Mai datsewar ne na yi wata guda ina karantawa. Ciwon nan ba wani abu ba ne da ya shigo daga waje yake kwance yana jiran a taɓa shi ya farka. Namanta ne da kansa, wuri ɗaya aka buɗe ba a datse ba. Ko an taɓa ko ba a taɓa ba, tafiya yake. Yanzu da muke zaunen nan ma tafiya yake."

Ta ajiye reshen da ke hannunta. Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Likita za su gyara mai datsewar?"

"A'a. Ba su iya ba tukuna. Wurin da ya lalace za su cire kafin ya shiga na kusa da shi."

"In sun cire za ta tashi? Ka hwaɗa mini, kai da ka yi karatu."

Wallahi na so in ce e. Kalma ɗaya ce, kuma na san da na faɗe ta an gama. Amma na ce, "Ban sani ba, Kaka. Ba zan iya yi miki alkawari ba. Abin da na sani, yau ya fi wata mai zuwa."

Ta ƙulle zogalenta a zane, ta ɗora mini a kai kamar ina ɗan shekara bakwai, muka koma gida. Har na yi sallar la'asar na yi mata sallama ba ta sake tayar da maganar ba. Na dawo Maraɗi ina ganin na ɓata tafiyata.

Da hantsi washegari sai ga kabu-kabu a ƙofar gidanmu, tsohuwa a baya ta rungume ƙullin zogale, tana yi wa mai mashin faɗa wai ya kusa zubar da ita a kwalta. Ta shiga ɗakin mahaifiyata, suka gaisa. Can ta ɗaga murya.

"Ina mijin nan nawa? Shigo."

Tunda na dawo daga Jiratawa ina yaro ban taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba in tana ciki. Na cire takalmi na shiga na rakuɓe a gefen ƙofa. Mahaifiyata ta yunƙura za ta fita.

Kakata ta ce, "Zamna. Ba wurinki ya zo ba, wurina ya zo. Hira za mu yi da mijina, in kin ga dama ki toshe kunne."

Mahaifiyata ta koma bakin gado, ta juya fuskarta bango, ta ja mayafi.

"To maigida, abin nan da ka gaya mini jiya, na ruwa. Na tsuhwa, na mance. Sake hwaɗi."

Ba ta manta komai ba. Na kalli kakata, ita kaɗai, na sake faɗa daga farko. Mai buɗewa, mai datsewa, fangalin da aka bari a buɗe. Mahaifiyata a lambun nan ta tashi, ta fi ni sanin abin da ruwa ke yi in an bar shi. Wannan karon muryata ba ta ɗauke ba. Da na zo wurin kalmar nan, kakata ta faɗe ta a madadina, ta wuce kamar ba komai.

Na gama. Ana jin mai tallan kunu yana wucewa a waje.

Sai muryar mahaifiyata ta fito daga cikin mayafi, ƙasa-ƙasa. "Inna, tambaye shi. Wa ya ɓata mai datsewar?"

Na gane abin da take tambaya. Watanni ta yi tana lissafa mutane a ranta, wa ta ɓata wa, wa ya jefe ta.

Na ce, "Kaka, ki ce mata ba kowa. Jiki kullum cikin sabunta kansa yake, wani lokaci kuskure ya shiga. Ba hannun mutum ba ne, ba kuma laifinta ba."

"Kin ji," in ji kakata.

"Tambaye shi, yarinyar nan za ta gada?"

Ƙanwata take nufi. Na ce, "Yawanci ba a gadonsa. Akwai gidajen da yake bin jini, kuma tunda ya taɓa kama yayar Kaka, dole a gaya wa likita. In an san irin nata, an san yadda za a kula da yarinyar."

Ina kallon ƙafafun mahaifiyata kawai, babban yatsanta yana murza tabarma.

"Inna, ke kin yarda a sa mini wuƙa?"

Kakata ta ce, "Ban yarda ba. Tsoro nike ji har cikin hanjina. Amma na tambaye shi ko za ki tashi, ya ce bai sani ba. Duk inda munka je cewa suke an gama, ki kwantar da hankali. Shi kaɗai ya ce bai sani ba. Shi ya sa na hau wancan mashin."

Mahaifiyata ta share fuskarta da bakin mayafi. Ta ce, "Ki ce mishi ya nemo mace. Ba ni buɗe ma namiji."

Mace muka samu. Ta duba ta, aka yi eko, hoton cikin jiki, aka sa allura aka ɗebi nama kaɗan aka aika Yamai. Ranar da aka sa allurar nan kakata azumi ta ɗauka. Jiran sakamakon ya fi komai tsawo a rayuwata. Da ya fito, daji ne. Amma likitar ta ce bai yi nisa ba, ya ɗan taɓa hammata ne kawai, akwai abin yi.

Muka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, ni da ita da kakata. Duk tsawon hanyar nan ta bakin tsohuwa muke magana. Ki ce mishi ya sha ruwa. Ki ce mata ta jingina da taga.

Safiyar da za a yi aikin, aka ɗora ta a gadon turawa. Kakata ta kasa tashi daga benci, tana ta jan carbi. Ni kaɗai na bi gadon har ƙofar da ba a wucewa. Babu kowa tsakaninmu da za a ce ya faɗa. Ma'aikacin ya tsaya yana jiran a buɗe ƙofa.

Sai ta juyo da kanta ta dube ni. Cikin ido. Ban taɓa sanin idanunta ba baƙi wuluk ba ne, suna da ɗan ja-ja kamar na ƙanwata.

Ta ce, "Kai. Ka tsaya nan inda zan iske ka."

Na ce to. Aka tura ta ciki. Na tsaya a wurin, ban zauna ba, har aka fito da ita.

Abin da ya biyo baya ba zan yi muku ado da shi ba. An cire nonon duka. Shimiyo, maganin dajin da ake ƙara mata a jijiya, ya wahalar da ita, gashinta ya zube, ta rame har zobenta ya daina zama. Akwai ranakun da ta ce a bar ta haka nan, kakata ta zauna a kanta da kofin kunu tana yi mata faɗa kamar ƴar yaye. Na sake shekarar a fak, ban kuma ji ciwon hakan ba. A ɗakin shimiyo mun zauna da mata da yawa, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ba dukansu suka koma gida ba, kuma yawancin waɗanda ba su koma ba sun zo ne bayan wurin ya fashe.

Har yau ban sani ba ko PTEN ne ya lalace a nata. Wannan gwajin ba a yi mana shi ba, kuma hanyoyin da ciwon ke bi suna da yawa. Amma shi ne ya sa na gane abin da ƙanwata ke nufi da ta ce ba ya ciwo, girma dai yake. Na kuma gane sanin abu daban, samun bakin faɗarsa daban. A gidajenmu akwai maganar da ɗa ba zai iya yi wa uwarsa ba, kuma ban ce a rushe wannan ba, ni ma a cikinsa na tashi. Amma kowane gida akwai wanda aka yarda ya faɗi komai, kaka ce, gwaggo ce, ƙawar uwa ce. In ka ga alama, ka nemo wannan mutumin da wuri. Ƴan uwana mata kuma, in kin ji ƙullutu, ko ba ya ciwo, ki je a duba.

Yau da rana suka dawo daga kontorol, dubawar da likita ke yi mata duk shekara, ita da ƙanwata. Likita ta ce babu komai, sai wata shekara. Ina zaune a tsakar gida na kasa tambaya, ƙanwata ta ɗaga mini babban yatsa daga zaure, na tashi na yi wani tsalle da bai dace da mai gemu ba.

Mahaifiyata ta wuce ni ta ajiye jakarta, ta ɗebi ruwa a randa da hannun dama ta sha. Ba ta kalle ni ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan ya daina tsalle, maƙwabta na gani. Ya kira tsohuwa ya gaya mata, tun asuba ba ta ci komai ba."